Alhaji Jalilu Ya Halarci Zaman Makokinsa

Duk wanda ya taɓa zama da Alhaji Abdul-Jalil na minti goma ya san abu biyu: ya riga ka shigowa Amurka, kuma ya fi ka saninta, ko da a nan aka yanke maka cibi. Mu Jalilu muke ce masa, shi kuma yana kiran kansa Injiniya, saboda ya taɓa riƙe wa mai gyaran na'urar ɗumama ɗaki tocila a wani bene a Morrisania. Bakano ne, direba a wani ofishin jakadanci a Manhattan, mutum mai sakin hannu da sakin fuska, wannan kam ba na hana shi. Matsalarsa ɗaya ce, bakinsa yana riga hannunsa isa ko'ina.

Ni ne Hakeem, ɗan tasi, magatakardan ƙungiyarmu ta masu jin Hausa a Staten Island, kuma ni na tura sanarwar rasuwarsa. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya riga ni, kuma har gobe ban ga laifina ba.

A shekarar da abin ya faru Alhaji ya bar bene a Bronx ya dawo unguwar Stapleton a nan Staten Island, ya kama gida mai baranda da ɗan fili a gaba wanda bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Daidai lokacin kuma shugaban ƙungiyarmu ya tattara ya koma Tamale, kujera ta zama ba kowa. Mutum biyu ake magana a kansu: Alhaji, da Hamidou, wani Banijare mai shagon kayan abinci, wanda in ya yi magana sau uku a taro to ranar ya cika surutu. Alhaji yana son kujerar nan so na haƙiƙa. Shekara ashirin da biyar yana buɗe wa manya ƙofar mota, yana so kafin ya tsufa shi ma a miƙe masa in ya shigo ɗaki. Dattawa suka sa ranar yanke magana, Asabar ɗin ƙarshen Oktoba bayan la'asar, a gidansa, tunda a ɗakinsa na ƙasa ake ajiye rumfar ƙungiya da kujerunta.

Ana saura mako guda sai ga takarda a akwatin wasiƙarsa. Ƙungiyar mazauna layin za ta yi gasar ƙawata ƙofar gida ta kaka da Halowin, alƙalai za su zaga ranar Asabar ɗin nan tsakanin azahar da yamma. Ranar Litinin da sassafe ya kira ni, wai in zo da babbar mota za mu gona a New Jersey.

Muna kan gada ya fara. "Hakeem, ka san abin da ke damun mutanenmu? Ba a san mu ba. Muna shiga muna fita kamar masu laifi. Shugaba shi ne wanda Bature zai tsaya a ƙofar gidansa ya cire hula. Ranar Asabar dattawa na zaune za a miƙo mini kofi a gabansu. Sai in ga mai sayar da daddawa da zai ja da ni."

Na ce, "Alhaji, wannan ba bikin aljanu ba ne?"

"Ado ne na kaka. Mu da muka tashi a gona za a koya wa kaka?"

"A Fagge akwai gona?"

"Kakana na wajen uwa yana da ita. Kai dai tuƙa."

Muka cika mota da kabewa ashirin da huɗu, da damin ciyawa, da karan masara, da wata fatalwar roba da ake hura wa iska, wadda mai shagon ya ce in ta miƙe ta kai tsawon bene hawa ɗaya. Da muka sauke, matarsa Hajiya Muhsina ta leƙo daga baranda, ta dubi kabewa, ta dube shi.

"Alhaji, suna za a yi ne ban sani ba?"

"Ba na ci ba ne, Hajiya. Na kallo ne."

"Kabewar?"

"A nan haka ake yi. Ki bar wa masana."

Ta ce to, irin "to" ɗin da mata ke cewa in sun riga sun gama lissafin tukunya. Na bar shi a can saman tsani yana ɗaura karan masara a ginshiƙi, ƙafa ɗaya a kan tsani ɗaya a iska, tsanin yana rawa shi kuma yana ba ni labarin yadda ya taɓa hawa bene mai hawa arba'in ta waje. Na ce masa ya yi hankali. Ya ce injiniya ba ya faɗuwa. Daga nan ban sake komawa layin ba sai Asabar, don makon duka a filin jirgi na yi shi. Abin da ya faru a tsakani daga bakin Hajiya na ji.

Talata da safe ya fito ya tarar kuregun unguwa sun yi taron dangi. Kabewa tara sun zama ƙoƙo, wani ƙaton kurege yana zaune a cikin ta goma yana kallonsa yana tauna. Alhaji ya ce ai ba su san da wa suke yi ba. Ya shiga kicin ya ɗauko yajin Hajiya na Kano, kwalba guda, ya tsaya ya bulbule sauran kabewar da shi, bai duba ta ina iska ke kaɗawa ba. Atishawar da ya yi sai da karnukan layin suka amsa. Mai kawo wasiƙa ya tsallaka titi da gudu yana share hawaye. Kuregun kuwa suka hau bishiya suka jira yajin ya lafa, suka sauko suka ci gaba, Hajiya ta ce har kamar sun fi jin daɗinta a haka.

Laraba ya dawo daga aiki ya ƙirga, ya ga sauran ma babu. Ya shiga gida a fusace, sai ƙamshi ya tare shi a ƙofa.

"Hajiya, ina kabewata?"

"Wadda ka sa wa yaji? Na ɗauka ka fara mini aiki ne. Wanke hannu."

"Kin dafa mini gasa?"

"Na ceci abinci daga bakin ɓera mai gashi. Bakwai na feraye na sa a firiza, ɗaya ga ta a gabanka."

Ya ci miyan taushen nan malmala uku yana mita, ya ce ba komai, kabewa ado ne na masu ƙaramin tunani, ainihin aikin yana wajen fatalwa.

Alhamis aka tashi da iska daga bakin ruwa. Takardar da ta zo da fatalwar ta ce a kafa turaku shida a ƙasa. Alhaji ya ce waɗanda ba su san nauyin abu ba aka rubuta wa, ya ɗaure ta da igiyar shanya guda ɗaya a jikin karan masara. Ya kunna injin, fatalwa ta miƙe fara fat, ta buɗe hannuwa, maƙwabta suka fito da wayoyi. Alhaji ya tsaya a gabanta ya gyara hula yana ɗaga musu hannu. Yana cikin ɗagawa ta ɗaga ita ma. Ta tashi da igiya, da karan masara, da rigunan Hajiya biyu da ba a kwashe daga igiyar ba, ta haye rufin maƙwabci, ta gangara babban titi. Alhaji ya bi ta da silifas yana kira kamar za ta waiwayo. Ganin ƙarshe da aka yi mata, tana kwance a bayan wata motar kwashe shara an nufi gada da ita.

Ya dawo yana haki. Wata tsohuwa mai jan gashi, wadda ita ce shugabar ƙungiyar layin, ta ce masa da Turanci kada ya damu, akwai baɗi. Ya ce mata wannan gwaji ne kawai, yana auna ƙarfin iska.

Juma'a ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ciyawa ta jiƙe ta fara wari, Hajiya ta sa ya fitar da ita shara. Yanzu ba kabewa, ba kara, ba ciyawa, ba fatalwa, gasa kuma gobe. Wani da ya haƙura. Alhaji kuwa ya ce yanzu ne ma basira za ta yi aiki. Ya fito da rumfar ƙungiya ya kafa don ruwa, ita ce dai rumfar da muke kafawa in an yi mana rashi. Ya jera kujerun roba sahu uku, don dattawa su ga komai da kyau. Ya je neman yadi baƙi da mai launin ruwan lemo, kalolin bikin, ya tarar ruwan lemo ya ƙare a ko'ina, ya ce ja ma ɗan'uwansa ne, ya naɗe ginshiƙan baranda da ƙofar shinge da baƙi da ja. Don kada alƙalai su yi tantamar wane ne ya yi aikin, ya sa aka buga hotonsa babba, na babbar riga da murmushi, da sunansa a ƙasa, ya rataya a tsakiya, ya kewaye shi da furen roba da 'yan kyandirori masu batir.

Sai babban sirrin. Ya jawo tsohuwar kwabar tufafi ya kwantar da ita a baranda ƙofofinta suna kallon sama, ya huda ramuka a gefe don numfashi.

"Tunda fatalwar kanti ta gudu, ni zan zama fatalwar," ya ce wa Hajiya. "In shafa hoda in kwanta a ciki, ki rufa farin zane. Alƙalai suna hawowa in bankaɗe in tashi. Wallahi sai an ɗauke wata a sume."

"Kai da ko lifta in ta tsaya sai ka fara salati?"

"Wannan daban. Nan ni na tsara iskar."

Asabar da hantsi Hajiya ta shirya za ta wajen aikinta na kula da wata tsohuwa a University Heights, can Bronx. Ya kashe wayarsa don kada ta tona shi, ya shafe fuska da hoda fari sol, ya shige ya kwanta. Ta rufe ƙofofin, ta shimfiɗa zanen gadonta fari a kai tana ƙunƙuni.

"In numfashi ya ɗauke maka a ciki, kada ka neme ni," ta ce, ta rataya jaka ta wuce. Shi kuwa tun asuba yake kai da kawo, ga duhu, ga ɗumi. Ba a yi minti goma ba barci ya yi gaba da shi.

Maƙwabcinsa na jikin katanga, Kwaku, mutumin Kumasi ne, Kirista, amma a bakin zango ya tashi, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Shi da matarsa Akua sun yi mako guda a Ohio wajen jana'izar ɗan'uwa, ba su ga ko ɗaya daga abin da na faɗa ba. Da azahar tasi ta sauke su. Kwaku ya ɗaga ido ya ga baƙi da ja a ƙofar shinge, ga rumfa, ga kujeru, ga hoto da fure. A garinsu baƙi da ja alamar makoki ce, wannan ba ya bukatar tambaya. Jakar hannunsa ta faɗi. Akua ta ɗora hannu a ka. Ya buga ƙofa shiru, ya kira wayar Alhaji a kashe, sai ya kira ni.

"Hakeem, Alhaji ya tafi o. Ya tafi kwaraa. Kun kafa rumfa ba ku gaya mini ba? Ni ba maƙwabci ba ne?"

Na taka birki a tsakiyar titi. Abin da ya fara faɗo mini shi ne tsanin nan. Na iso na ga rumfarmu da idona, na ga hoton. Ko ɓawon kabewa babu a wurin balle in tuna da wata gasa. Ni na ɗauka Kwaku da maƙwabta ne suka kafa rumfar, shi ya ɗauka mu ne, kuma ba wanda ya tambayi wani, don ba a tsayawa bincike a gidan mutuwa. Hajiya ba ta nan, muka ce tana asibiti wajen gawa, a bar baiwar Allah ta ji da abin da ke gabanta. Na tsaya a bakin shinge na rubuta sanarwa na tura wa kowa. Na ƙara da cewa daga tsani ya faɗo. Wannan ƙarin kam na yarda nawa ne.

Kafin awa biyu layin ya cika. 'Yan tasi suka ajiye aiki, 'yan Bronx suka tsallako ta jirgin ruwa, mata suka zo da kuloli. Kwaku ya yafa baƙin zanensa da bai ma cire daga jaka ba, ya tsaya a ƙofa yana karɓar mutane. Kujeru suka ƙare. Limaminmu Malam Nurudeen ya iso da dattawa biyu, kowannensu Allah ya yi masa jiki. Aka duba inda za a zaunar da su, sai ga wani dogon benci a baranda an lulluɓe shi da farin zane tsaf. Na ce Allah sarki, har wurin manya an tanada. Ni da kaina na kama hannun Malam na zaunar da shi a kai.

Alhaji ya ce kukan Kwaku ne ya tashe shi. Da farko ya ɗauka alƙalai ne, ya gyara zai bankaɗe, sai ya ji sunansa da "Allah ya jiƙansa" a bayansa. Ya kasa kunne ta ramin numfashi, cikin minti ɗaya ya gane komai. A nan ne fa ya kamata ya buga katako ya yi magana, tun Malam bai gama gyara zama ba. Shi da bakinsa ya gaya mini ya ɗaga hannu zai buga. Sai ya ji Kwaku yana cewa:

"Mutumin kirki paa. Ranar da bishiya ya faɗo mini a mota, shi kaɗai ya fito cikin ruwa ya taya ni ja."

Alhaji ya ce a ransa, bari dai in ji wannan ya ƙarasa.

Wani ɗan tasi ya ce Alhaji ne ya kwana da shi a asibiti lokacin da bai san kowa ba a garin nan. Wata ta ce shi ya raka ɗanta kotu ya tsaya masa. Duk gaskiya ne, ni shaida ne, kuma na yi hawaye ina ji. Alhaji yana kwance a ƙarƙashin Malam yana gyaɗa kai, hawaye na wanke masa hoda, yana jin daɗin da bai taɓa ji ba tun da ya zo duniya. Har ya ce ya so ya tuna musu maganar bene mai hawa arba'in, ya ga ba hali.

Sai wani daga baya ya ce, "Sai dai fa akwai cika baki." Aka yi 'yar dariya cikin hawaye. Wani ya ce, "Injiniya ke nan." Alhaji ya haddace muryoyin duka biyun.

Hamidou ya iso a makare da buhun shinkafa a kafaɗa da katan ɗin ruwa. Ya zauna a ƙasa kusa da bencin ya ce, "Elhadj ya fi ni komai. Bon, ya fi ni magana, amma ya fi ni zuciya ma. Da ma na yi niyyar in janye masa yau."

Alhaji ya ce wannan ita ce magana mafi daɗi da ya ji ranar, kuma ya yanke shawarar da zarar an ƙara yabo ɗaya zai fito.

Malam Nurudeen ya yi gyaran murya. "Jama'a, ikon Allah ke nan. Yau muka shirya zama a gidan nan don mu naɗa shugaba. Ba zan ɓoye muku ba, jiya mu dattawa biyar mun gana, huɗu sun tsaya a kan marigayi. Yau da shi za mu ba."

Aka ɗauki salati. A cikin kwaba Alhaji ya washe baki.

"To amma ga gawa a asibiti, ga takardu, ga maganar maƙabarta, dole a sami mai tsayawa a gaba yanzun nan. Ba za mu bar ɗan'uwanmu ya kwana biyu a firij ba. Hamidou, matso."

Nan murmushi ya ɗauke. Alhaji ya sa hannu biyu ya tura ƙofar kwaba. Ko motsi. Ya sa gwiwa, ya sa kai. Mutum uku ne a kansa, mafi ƙanƙantarsu ya yi biyunsa. Ya buɗe baki zai yi ihu, hoda ta shige masa maƙogwaro, sai wani ɗan tari ya fito kamar na kyanwa. Ya shiga dukan katako, daidai lokacin da Akua ta sake ɓarkewa da kuka, mata suka taya ta. Ɗaya daga dattawan ya ɗan muskuta ya dubi na kusa da shi, ya ɗauka cikinsa ne, ya kau da kai don kunya.

"Kowa ya yarda?"

"Mun yarda."

"A yi fatiha."

Muka ɗaga hannu. Alhaji yana jin kowane harafi yana harbin katako da dunduniya. Muka shafa.

Hannunmu bai sauka daga fuska ba sai ga Hajiya Muhsina ta shawo kwana a guje, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, mayafi yana jan ƙasa. A wajen aiki ta ga sanarwata. Ta kira ni sau bakwai, ni kuwa na kashe ƙarar waya don ladabin zama gaban Malam. Ta kira Akua, Akua ba ta bar ta ta yi magana ba, kuka kawai take tana ba ta haƙuri. Mata suka taso za su rungume ta, ta ratsa su kamar ba ta gan su ba, ta haye baranda.

"Malam, ku tashi. Don Allah ku tashi, yana ciki."

"Wa ke ciki, Hajiya?"

"Alhaji. A kansa kuke zaune."

Ban taɓa sanin Malam Nurudeen yana da sauri haka ba. Ta fizge zanen, ta kama ƙofofin ta buɗe tana kuka tana kiran sunansa. Alhaji ya miƙe zaune, fuska fara da layin hawaye biyu, ido jajir, hula a karkace. Ya ja numfashi, ya ɗaga yatsa, ya ce:

"Ban yarda da zaɓen nan ba."

Abin da ya biyo baya ba ni da cikakken bayaninsa, don ni ma sai a bayan motar wani na tsinci kaina. Na dai ga Kwaku ya tsallake shinge ya bar zanensa a kan ƙusa. Na ga kujeru suna tashi sama, kular shinkafa tana gangara titi ita kaɗai. Wani ya rungumi sandar rumfa, rumfa ta kife a kan sahu na biyu, mutane suna ta mutsu-mutsu a ƙarƙashinta suna salati da harsuna uku. Akua ta sume, ta farfaɗo ta dube shi, ta koma. Hamidou kaɗai bai gudu ba, shi ma daga baya ya ce ƙafarsa ce ta ƙi.

Da ƙura ta lafa aka fara dawowa ɗaya-ɗaya, ana leƙe. Alhaji ya fito daga kwaba yana kaɗe riga, ya nufi Malam.

"Malam, kun ce ni za ku ba. Na ji da kunnena. Huɗu cikin biyar. To ga ni."

Malam yana riƙe da ƙirji. "Ka ji da kunnenka? Tun yaushe kake ji?"

"Tun... tun wajen maganar bishiyar Kwaku."

"Awa guda ke nan da wani abu. Muna kuka kana saurare?"

"Ai ban so in katse mutane suna magana ba."

Malam ya girgiza kai. "Alhaji, mun yi murna da Allah ya bar mana kai. Amma an shafa fatiha a gaban jama'a, ba a kwance ta. Da ka yi tari ɗaya tun da fari, da yanzu kai ne shugaba."

Ana cikin haka sai muka ji tafi daga bakin titi. Tsohuwar nan mai jan gashi ce da alƙalai biyu, ashe tun fitowar Hajiya suke tsaye. Tana dariya har tana riƙe ciki. Ta ce shekara talatin tana wannan gasa ba ta taɓa ganin wasa irin wannan ba, ga masu kuka kamar gaske, ga mai suma, ga gawa. Ta zaro kofi na roba mai siffar kabewa, ta tambaya wane ne shugaban wannan tawaga. Alhaji ya gyara hula ya tako. Mutum sittin suka nuna Hamidou.

Hamidou ya karɓa da hannu biyu yana kallon ƙasa, ya ce mata merci. Aka ɗauke su hoto, hoton Alhaji mai fure yana bayansu yana murmushi.

Tunda an riga an taru, ga shinkafa, Hajiya ta fito da kabewa bakwai ɗin nan daga firiza, mata suka ɗora tukwane. Aka ci miyan taushe a ƙarƙashin rumfa ana dariya har wasu na ƙwarewa. Kowa ya zo tafiya sai ya tsaya gaban Alhaji ya ce masa ya ƙarin haƙuri. Hajiya kuwa ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya. Ina tattara kujeru kafin magariba na ji su a baranda, yana zaune a bakin kwabar, tana goge masa hoda da tsumma da ɗan ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

"Daga Bronx har nan kuka nake," ta ce. "A jirgin ƙasa, a jirgin ruwa, mutane suna kallona. Ba abin da nake tunawa sai maganar da na faɗa maka da zan fita. Na ce shi ke nan, da ita muka rabu."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Na ga jikinsa ya yi sanyi da gaske, har na tausaya masa. Ya ce ta yafe masa, ta ce ta yafe. Ta ci gaba da goge masa fuska. Can ya ɗago a hankali.

"Hajiya, da kike kukan... me da me kika riƙa faɗa a kaina? Kowa na ji nasa, ke kaɗai ban ji ba."

Ta tsaya da tsumma a hannu ta dube shi. Ta ninke farin zanenta ta rataya a kafaɗa.

"Nawa na ajiye sai ranar gaskiya," ta ce. "Kuma ranar ba za ka ji ba. Tashi ka mayar mini da kwabata ciki."